Gida mafaka ne, to ina ne gidan? Tambayoyi da amsoshi kan gida da begen sama

'Yan'uwa barkanmu da warhaka. Waɗannan tambayoyin ba ni na ƙirƙire su ba, su ne suke ta dawowa duk sanda aka ɗauko zancen gida da zancen sama, wasu a wajen nazarin Littafi Mai Tsarki aka yi min su, wasu a zaman makoki, wasu kuma ta waya da tsakar dare lokacin da mutum ya kasa barci. Sai nace bari in tara su waje ɗaya in amsa iya fahimtata. Na sa ayoyin dan ka buɗe naka Baibul ɗin ka duba da idonka, kar ka tsaya a kan maganata kawai.

Me ake nufi in aka ce gida mafaka ne?

Ai kalmar ma ta faɗi kanta, mafaka wajen fakewa ne. Hadari ya taso kana hanya, ka samu inda ka raɓe har ruwa ya ɗauke. Gida haka ya kamata ya zama, inda zaka shigo ka tuɓe takalmi ka kuma tuɓe fuskar nan da ka ɗaura wa mutanen waje tun safe, ba sai ka nuna wa kowa kai wani ne ba, an riga an sanka da kyanka da muninka kuma duk da haka ana jiran dawowarka. Ni a wajena wannan jiran shine gida. In ka yi dare aka kira ka ana tambaya kana ina, to kana da gida.

A Tsohon Alkawari akwai wani tsari da yake taimaka min in gane abun. Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe biranen mafaka guda 6, uku a yammacin Kogin Urdun wato Kedesh da Shekem da Hebron, uku a gabas wato Bezer da Ramot da Golan (Joshuwa 20, Littafin Ƙidaya 35). Wanda ya kashe mutum ba da gangan ba sai ya gudu can, ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa wa dattawa abun da ya faru, su shigo da shi su bashi wajen zama, mai neman fansar jini ba shi da ikon taɓa shi kafin a yi shari'a. Kaga ba wajen ɓoye laifi bane fa, dan sai an yi shari'ar. Wajen da za'a saurare ka ne kafin a yanke maka hukunci. Gidan da ake yanke wa yaro ko mata ko miji hukunci tun kafin ya rufe ƙofa, wannan ɗaki ne kawai da rufi.

Amma ba Allah ne Littafi Mai Tsarki ya kira mafaka ba? Ina ruwan gida a ciki?

Kwarai kuwa. Zabura 46 da shi ta buɗe, Allah ne mafakarmu da ƙarfinmu. Wanda ya fi taɓa ni kuma Zabura 90 ne, addu'ar Musa, inda yake ce wa Ubangiji kai ne mazauninmu tun kaka da kakanni. Ka tuna fa wanene Musa, an haife shi a gidan bayi, ya girma a fadar Fir'auna da ba tasu ba, ya gudu Madayana ya zauna gidan surukinsa, sannan shekara 40 yana yawo a jeji cikin tanti, ƙasar da aka yi alkawari ma daga kan dutse ya hango ta bai taka ta ba. Mutumin da bai taɓa samun gida nasa na kansa da zai tsufa a ciki ba shine yace Allah ne gidanmu.

Dan haka gidan duniya aro yake yi. Mafakar da yake bamu daga wajen Allah ya samo ta, shi yasa Zabura 127 tace in ba Ubangiji ne ya gina gida ba wahalar banza magina suke sha.

Ni gidana ba mafaka bane, daga gidan ma nake neman mafaka. Ina matsayina a wannan zancen?

'Yar'uwa, ko ɗan'uwa, dan maza ma suna yin wannan tambayar sai dai a ɓoye, na ji ki kuma bazan ce miki ki ƙara haƙuri kawai in wuce ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai waɗanda ƙarar buɗe ƙofa da yamma take sa gabansu ya faɗi, akwai yaran da suke gane irin daren da za'a yi daga takun ubansu, kuma ranar Lahadi duk a jera a tafi coci ana murmushi. Wannan abu yana min ciwo sosai.

Abun da zan fara faɗa shine Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin waɗannan gidajen ba ko kaɗan. Kisan kai na farko tsakanin wa da ƙani aka yi shi, Kayinu da Habila. Yusufu 'yan'uwansa ne suka sayar da shi a kan azurfa 20. Tamar 'yar sarki ce amma a cikin gidan danginta ɗan ubanta Amnon ya ci mutuncinta, ubanta Dawuda ya ji ya yi fushi ƙwarai amma labarin bai nuna ya hukunta shi ba (2 Sama'ila 13). Hajaratu gudu ta yi daga azabar uwargijiyarta da ciki a jikinta, a jeji mala'ikan Ubangiji ya same ta, ita ce kuma ta kira Allah da suna Allah mai ganina (Farawa 16). To wanda ya ga Hajaratu a bakin rijiya yana ganin ɗakinki, ba abun da bango ya tare masa. Zabura 27:10 ma cewa ta yi ko uwa da uba sun yashe ni Ubangiji zai ɗauke ni, kinga ai wanda ya rubuta ya san hakan tana faruwa.

Na biyu, laifin ba na kalmar gida bane, kuma ciwon da kike ji shaida ne cewa zuciyarki ta san yadda ya kamata gida ya kasance. Kar ki bari wanda ya ɓata miki gidan duniya ya ɓata miki sunan Uba na sama.

To zunubi ne in fita daga gidan da ake dukana?

A'a. Tsira da rai ba zunubi bane. Dawuda a gidan surukinsa Saul aka jefe shi da mashi, matarsa Mikal ta zurara shi ta taga da dare ya gudu (1 Sama'ila 19), ba inda aka ce ya yi rashin bangaskiya. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu cikin dare suka gudu Masar sabida Hirudus, kuma mala'ika ne ma ya ce su gudu. Karin Magana 22:3 tace mai hankali yakan hango masifa ya ɓuya.

Zancen ko auren zai gyaru ko bazai gyaru ba wannan magana ce ta daban da za'a zauna a yi a hankali, amma ba'a yinta da hannu a wuyan mutum. Ki faɗa wa wanda kika yarda da shi, ki je asibiti in an ji miki rauni, in abun ya kai na hukuma a kai. Mu kuma shugabannin ikilisiya da iyaye, dan Allah mu daina amfani da rufin asiri muna rufe zalunci. Bulus da muke yawan jawo maganarsa kan biyayya shine yace maza ku ƙaunaci matanku kar ku ƙuntata musu (Kolosiyawa 3:19), Bitrus kuma yace mijin da baya girmama matarsa addu'arsa ma tana samun cikas (1 Bitrus 3:7). Mai duka shine ya rushe mafakar, ba wadda ta gudu ba.

Ni haya nake, shekara da shekaru ina kwashe kaya daga nan zuwa can. Wasu ma an ƙone nasu ko an kore su. Me begen sama zai ce mana?

Kuna da 'yan'uwa da yawa a cikin Littafin. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran, Allah ya yi masa alkawarin ƙasa sukutum, amma har ya mutu a tanti yake, filin da ya mallaka da kuɗinsa guda ɗaya ne tak, wanda kogon Makfela yake ciki, ya saye shi a hannun Efron Bahitte kan shekel 400 na azurfa dan ya binne matarsa Saratu. Wato kabari ne kaɗai takardar filinsa. Ibraniyawa 11 tace ya iya zaman ne dan yana sauraron birni mai tushe wanda Allah ne ya tsara shi ya kuma gina shi. Shi kansa Ubangiji Yesu yace yanyawa suna da ramuka, tsuntsaye suna da sheƙa, amma Ɗan Mutum ba shi da inda zai sa kansa (Luka 9:58). An haife shi an kwantar da shi a komin dabbobi, aka binne shi a kabarin wani.

A shekarar 2022 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa waɗanda aka raba da gidajensu da ƙarfi a duniya sun haura miliyan 100. Kowane ɗaya a cikinsu akwai wata ƙofa da yake tunawa. Bazan ce wa irin wannan mutumin kar ya damu tunda yana da gida a sama ba, wannan magana ce mai sauƙi a bakin wanda yake da makulli a aljihu. Yakubu 2:15-16 ya riga ya tsawata wa masu sallamar mabukaci da fatar baki. Abun da zan ce shine akwai gādo da Bitrus yace baya lalacewa baya ƙazantuwa baya kuma yanƙwanewa, an ajiye muku shi a sama (1 Bitrus 1:4), kuma wasiƙar ma ga baƙi masu zaman warwatse ya rubuta ta. Ba mai gidan da zai baku notis a can.

Wai menene sama ɗin? Ita ce aljanna?

Kalmar sama a Baibul tana ɗaukar abu fiye da ɗaya, wani lokacin inda tsuntsaye da gajimare suke, wani lokacin inda taurari suke, wani lokacin kuma mazaunin Allah inda ake yin nufinsa ba musu. Wannan na ƙarshen muke nufi. Kalmar Firdausi ko aljanna kuma ita ce Yesu ya yi wa ɓarawon nan alkawari da ita a kan gicciye (Luka 23:43), asalinta lambu take nufi. Amma ka lura da jimlar, yau zaka kasance tare da ni. Nauyin maganar a kan "tare da ni" yake. In ka cire Yesu daga sama ka bar zinariya da lambu, to ba begen Kirista kake magana a kai ba kuma.

Yesu yace a gidan Ubansa akwai wurin zama da yawa. Kowa zai samu katafaren gida nasa kenan?

Ana yawan wa'azinsa haka, har da cewa wani nasa bene ne wani kuma ɗan ɗaki gwargwadon aikinsa. Ni gaskiya ban ga haka a Yahaya 14 ba. Duba lokacin da aka yi maganar, daren da za'a bashe shi ne, ya gama wanke musu ƙafa, ya faɗa musu ɗayansu zai ci amanarsa, ya faɗa wa Bitrus zai yi musun saninsa sau uku, duk hankalinsu ya tashi. A nan ne yace kar zuciyarku ta ɓaci, gidan Ubana akwai wurin zama da yawa, zan je in shirya muku wuri, in dawo in ɗauke ku dan inda nake ku ma ku kasance. Gida ɗaya ne, na Uba, ɗakuna ne suke da yawa. Ma'anar ita ce akwai wuri, ba za'a ce maka an cika ba, har da Bitrus ɗin da zai yi musu kafin zakara ya yi cara.

Wani abu mai daɗi kuma, kalmar Helenanci da aka fassara wurin zama sau biyu kacal ta fito a Sabon Alkawari gaba ɗaya, duka a wannan sura. Ta farko aya 2, ta biyu aya 23 inda yace wanda yake ƙaunata ni da Ubana zamu zo wurinsa mu zauna tare da shi. Kenan yana shirya mana wuri a can, yana kuma neman wuri a cikinmu a nan, tun yanzu.

Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin Almasihu, ina suke yanzu?

Suna wurin Ubangiji. Bulus da yake sana'arsa ɗinkin tanti ce (Ayyukan Manzanni 18:3) ya kwatanta jikin nan da tanti da za'a kwance wata rana, yace rabuwa da jiki zama ne tare da Ubangiji (2 Korantiyawa 5:1-8). Daga kurkuku kuma ya rubuta wa Filibiyawa cewa tafiya ya kasance da Almasihu ya fi masa nesa ba kusa ba. Istifanas ana jifansa da duwatsu yana cewa Ubangiji Yesu karɓi ruhuna.

Amma fa ba nan labarin ya ƙare ba, kuma nan ne da yawanmu muke tsayawa. Begen Kirista ba wai rai ya rabu da jiki ya yi ta shawagi har abada bane. Tashin matattu muke jira. Shi yasa shaidar bangaskiya da aka kammala a taron Konstantinoful a shekara ta 381, wadda majami'u da yawa suke karantawa har yau, ta rufe da cewa muna sauraron tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa. 1 Korantiyawa 15 tace ana shuka jiki da rauni a tashe shi da ƙarfi. Sannan Wahayin Yahaya 21 ya nuna sabuwar sama da sabuwar ƙasa, birnin kuma saukowa yake yi daga wurin Allah, aka ji murya tana cewa ga mazaunin Allah yana tare da mutane. Kaga ƙarshen zancen ba mu ne muke ƙaura mu bar komai ba, Allah ne yake tarewa a wurin mutanensa. Ƙofofin birnin 12 ne kuma ba'a rufe su, dan ba dare a can. Duk wanda ya taɓa tashi cikin dare ya sake duba sakata ya san daɗin wannan ayar.

Zamu gane juna? Mijina da ya rasu zai zama mijina?

Mama, gane juna kam ina da tabbaci. A kan dutse almajirai sun gane Musa da Iliya da basu taɓa gani ba. Yesu bayan tashinsa ya kira Maryamu Magadaliya da sunanta ta gane shi, Toma ya ga tabon ƙusa. Dawuda da jaririnsa ya mutu yace ni zan je wurinsa amma shi bazai dawo wurina ba. Bulus kuma da yake ta'azantar da Tasalonikawa kan 'yan'uwansu da suka mutu yace za'a ɗauke mu tare da su (1 Tasalonikawa 4:17), in ba za'a gane juna ba ai ba ta'aziyya a ciki.

Zancen aure kuma bazan ɓoye miki ba, da Sadukiyawa masu cewa ba tashin matattu suka kawo wa Yesu labarin matar da ta auri 'yan'uwa 7 ɗaya bayan ɗaya, yace a tashin matattu ba aure ba aurarwa (Matiyu 22:30). Na san wannan ayar tana yi wa wanda ya ji daɗin aurensa nauyi, wanda kuma ya sha wuya tana zame masa hutu. Yadda na fahimta, ƙaunar da ke tsakaninku ba za'a rage ta ba, abun da ya rage mata ne za'a cika, kishi da tsoro da rashin fahimta da rabuwa su ne zasu tafi. Allah da ya haɗa ku a nan bazai mai da ku baƙin juna a gidansa ba.

Wannan zancen sama ba gudun duniya bane? Mutum ya naɗe hannu yana jiran mutuwa?

Akwai masu yin haka, ban musa ba, kuma akwai azzalumai da suka yi amfani da zancen sama dan talaka ya yi shiru. Amma Littafin da kansa bai yarda ba. Bayan Nebukadnezzar ya kwashi mutanen Urushalima zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, mutanen suna zaune kamar a kan ƙaya, wasu annabawan ƙarya suna ce musu kwanan nan za'a koma. Sai Irmiya ya aiko musu da wasiƙa yace ku gina gidaje ku zauna, ku dasa gonaki ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar birnin da aka kai ku ku yi masa addu'a, sai shekara 70 ta cika tukuna (Irmiya 29). Wato ku san ba nan ne gida ba, amma ku share shi ku gyara shi kamar gida.

Haka ma da Bulus yace mu 'yan ƙasar sama ne (Filibiyawa 3:20), mutanen Filibi sun gane nufinsa da sauri dan garinsu mazaunin Romawa ne a ƙasar Makidoniya, suna alfahari da 'yancin Roma, aikinsu kuwa ba su tattara su koma Roma bane, su rayu da tsarin Roma ne a inda suke. To ɗan sama ma aikinsa kenan, gidansa da unguwarsa su ɗanɗani yadda ake zama a can. Kuma ka duba yadda doguwar surar tashin matattu ta ƙare, ba da cewa ku huta ba, cewa ta yi ku yi ta aikin Ubangiji dan wahalarku ba banza bace (1 Korantiyawa 15:58).

Gidana lafiya lau, ina son iyalina, amma wani lokacin sai in ji kewar wani abu da ban san sunansa ba. Rashin godiya ne?

Ba rashin godiya bane. Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya rubuta tun wajen shekara 1600 da suka wuce cewa Allah ya yi mu ne domin kansa, zuciyarmu kuma bata samun hutu sai ta huta a cikinsa. Mai Hadishi 3:11 ma yace Allah ya sa dawwama a zuciyar ɗan Adam. Matsalar tana zuwa ne in ka ɗora wa matarka ko mijinka ko 'ya'yanka nauyin cike wannan gurbin, sai ka yi ta jin haushinsu kan abun da ba su da ikon baka. Sauke musu wannan kayan, zaka ga ka fi jin daɗinsu.

Dole ne a binne mutum a garinsu? Nawa ya mutu a nesa kuma abun yana damuna.

Son a kwanta kusa da dangi ba laifi bane, Yakubu da Yusufu duk sun roƙi a mai da su Kan'ana. Amma ba sharaɗin tashi bane. Monika mahaifiyar Agustin ɗin nan ta riga ta shirya kabarinta kusa da mijinta a Afirka, sai ciwo ya kama ta a Ostiya kusa da Roma a shekara ta 387 suna hanyar komawa, tace wa 'ya'yanta su binne jikin a ko'ina kar ya dame su, dan ba inda ya yi wa Allah nisa. Wahayi 20:13 yace har teku zai ba da matattun da ke cikinsa.

Ina tsoro. In na je aka ƙi buɗe min fa? Na san abubuwan da na aikata.

Karanta Luka 15 a hankali, misalin da Yesu ya bayar na yaron da ya bar gidan ubansa. Yaron ya karɓi gādonsa tun uban yana raye, ya lalatar, ya ƙare a kiwon aladu, ya shirya jawabin da zai yi cewa a ɗauke shi ɗan ƙwadago kawai dan ya san bai cancanci ɗaki a gidan ba. Tun yana nesa uban ya hango shi, wanda ke nuna idonsa yana kan hanya, ya ruga da gudu, kuma bai bari ya kai ƙarshen jawabin ba ya sa aka kawo riga da zobe da takalmi. Ɓarawon kan gicciye kuma ba shi da sauran lokacin gyara komai, hannuwansa a kafe suke, abun da ya iya kawai ya amsa laifinsa yace Yesu ka tuna da ni.

Ba ina cewa tuba wasa bane, in akwai haƙƙin wani a hannunka ka mayar, in akwai wanda ka cuta ka nemi gafararsa kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi. Amma ba wannan ne makullin ba. Toma ya tambayi hanya, Yesu yace ni ne hanya. Kuma ya riga ya faɗa cewa wanda ya zo gare ni bazan kore shi ba ko kaɗan (Yahaya 6:37).

Ta yaya zan mai da gidana mafaka tun yanzu?

Ba sai da kuɗi ba. Matar nan ta Shunem ɗan ƙaramin ɗaki ta sa aka yi wa Elisha a kan soro, gado da tebur da kujera da fitila, shikenan (2 Sarakuna 4:10). Gidan Marta da Maryamu da Li'azaru a Betanya, kamar kilomita 3 daga Urushalima, nan Yesu yake zuwa, har a makonsa na ƙarshe a Betanya yake kwana. Ikilisiyar farko ma a gidajen mutane take taruwa, gidan Lidiya, gidan Akila da Bilkisu.

In ka tambaye ni inda za'a fara, harshe ne. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, ba gidan da ba'a faɗa, amma akwai bambanci tsakanin saɓani da wulaƙanci. Kar laifin da aka yafe ya riƙa dawowa duk sanda rai ya ɓaci. Kar rana ta faɗi kuna fushi. In yaro ya yi ɓarna ya zo da kansa ya faɗa, kar ka sa ya yi nadamar faɗar gaskiya, dan yadda ka karɓe shi ranar haka zai zaci Allah yana karɓar mutane. Ajiye wayar nan ka kalli fuskar mai yi maka magana. Babba ma ya koyi cewa yi haƙuri na yi kuskure, a gaban yara. Sannan a bar kujera ɗaya saboda wanda ba shi da kowa, gwauruwa ko maraya ko ɗalibin da yake nesa da nasa, tunda Zabura 68:6 tace Allah yakan sa masu kaɗaici cikin iyali, kuma ta gidajen mutane yake yin hakan.

Wani nawa yana kwance, likitoci sun ce sai dai addu'a. Me zan ce masa?

Kar ka cika shi da surutu, kar kuma ka yi masa ƙaryar cewa gobe zai miƙe in kai da shi duk kun san ba haka bane, sau da yawa mara lafiya yana so ya yi zancen tafiyarsa amma 'yan'uwa suna toshe masa baki. In ya ɗauko zancen ka saurare shi. In kuka ya zo ka yi, Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Tambaye shi ko akwai wanda yake so a kira masa, ko akwai wanda yake so su yafi juna, ka kira fasto tun yana iya magana. Ka karanta masa Zabura 23 har ayar ƙarshe da take zancen zama a gidan Ubangiji, sai Yahaya 14:1-6, in da sauran ƙarfi ka ƙara da Wahayi 21:1-5. Ko ya daina amsawa ka ci gaba da karantawa a hankali kusa da kunnensa, hannunka cikin nasa, ka riƙa kiran sunansa.